Sunkuyar da kai ba shaidar laifi ba ce

Ɗana, matso kusa, akwai maganar da nake so ka riƙe tun kafin ka zama maigida ko mai shago da yara a ƙarƙashinka. Ranar da kuɗi za su ɓace maka tana nan tafe, kuma zuciyarka za ta ce ka tara yaran gida ka kalli idon kowa, wanda ya kasa haɗa ido da kai shi ne ɓarawon. Ina roƙonka kada ka bi wannan hanya. Ni na bi ta sau ɗaya. Na ɗora wa yaron da nake riƙo laifi don kawai ya sunkuyar da kai, muryarsa na rawa. Bayan kwana uku kuɗin suka fito daga aljihun wata rigata. Har yau in na tuna hawayensa sai ƙirjina ya yi nauyi.

Mun taso muna jin cewa labarin zuciya a tambayi fuska. A kan murna da baƙin ciki haka ne. A kan ƙarya kuwa, shaidar fuska ba abin dogaro ba ce. A 2006 wasu masana halayyar ɗan Adam a Amurka, Charles Bond da Bella DePaulo, sun tattara sakamakon gwaje-gwaje sama da 200 da aka yi kan gane maƙaryaci, suka tarar mutane suna dacewa ne sau 54 kacal cikin 100. Wanda ya rufe ido ya yi canke zai samu 50. 'Yan sanda da alƙalai ma ba su fi sauran jama'a da wani abin a zo a gani ba. A 2006 ɗin kuma aka wallafa binciken da ya tambayi mutanen ƙasashe 58 alamar maƙaryaci, amsar da ta fi yawa ita ce kau da ido, alhali gwaji bai tabbatar da ita ba.

To ka dubi gidajenmu. Mu ne muke koya wa yaro kada ya zura wa babba ido, mu ne muke yaba kunyar ɗalibi a gaban malaminsa. Ranar tuhuma kuma sai mu mai da wannan tarbiyya hujjar sata. Wanda ya ƙware a ƙarya shi ne zai tsura maka ido ya rantse ba ƙiftawa.

Na'ura ma ba ta tsira ba. Tun 1921 wani ɗan sanda a Kalifoniya, John Larson, ya haɗa na'urar da ake ce wa mai gano ƙarya. Bugun zuciya take aunawa da hawan jini da numfashi, wato fargaba, kuma mai gaskiya ma yana fargaba. Aldrich Ames, jami'in leƙen asirin Amurka da ya yi shekaru yana sayar wa Rasha sirri, sau biyu yana tsallake gwajinta. Abin da ya taimaka aka kama shi a 1994 shi ne bin diddigin kuɗinsa: gidan da ya saya kuɗi hannu da motar da albashinsa ba zai saya ba.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne duka. A 2011 Victoria Talwar da Kang Lee sun gwada yara 'yan shekara uku zuwa huɗu a makarantu biyu na wata ƙasa a nan Afirka ta Yamma, ɗaya ana bulala, ɗaya ba a yi. Aka ajiye abin wasa a bayan kowane yaro, aka ce kada ya waiga, babba ya fita. Yawancinsu sun waiga. Da aka tambaye su, a makarantar bulala kusan duk wanda ya waiga ya musanta, a ɗayar kuwa kimanin rabi ne. Kuma ƙaryar 'yan bulalar ta fi tsari. Ka ga ke nan, dorinar da muke ɗauka don fito da gaskiya ita ce take horar da yaro ya iya ɓoye ta.

In zargi ya shigo maka, ka tuna Suratul Hujurat ta umurce mu da bincike kafin mu cutar da wani bisa jahilci. Bar mutum ya ba da labarinsa daga farko har ƙarshe ba ka katse shi ba. Sannan ka fita ka duba: ƙarfe nawa ne, wa yake wurin, me littafin shago ya nuna. Bayan kwana biyu ka sake tambaya cikin natsuwa. Ramin ƙarya ƙurarre ne saboda mai ita labari biyu yake riƙe da su, na gaske da na ƙirƙira, wata rana sai sun ci karo.

In yaro ya zo da kansa ya ce shi ne, ka sassauta masa, ya gani da idonsa cewa gaskiyar da ya faɗa ta cece shi. In kuwa akwai wanda ka taɓa hukuntawa a kan kallon fuska kawai, ɗana, tashi ka je ka nemi gafararsa yau, kada ka bari sai gobe.