IN ZOBE YA FI ƘARFIN YATSA

Karatu: Littafin Mahukunta 7:1-8, Luka 15:17-24

In zobe ya yi wa yatsa yawa, hanya biyu ce. Wasu sukan naɗa masa zare don ya zauna. Zaren yakan sha ruwa, ya tara dauɗa, ya saki, wata rana wajen wanki ko shara zoben ya sulluɓe ba a sani ba. Wasu kuwa sukan kai shi wurin maƙerin azurfa, irin waɗanda ake samu ranar Talata a kasuwar Talata Mafara. Maƙerin zai auna yatsa tukuna, ya yanke ɗan guntu ta bayan zoben, ya lanƙwasa bakunan su haɗu, ya like su da wuta, sa'an nan ya bi da magagari har wurin ya yi sumul. Zoben ya ragu, amma ya daina faɗuwa.

Da yawa daga cikinmu yatsa ya rame. 'Yan'uwa a Maradun da Bakura sun bar gonaki saboda 'yan bindiga. Wanda a dā yake loda buhunan shinkafa daga fadamar Bakolori, yau da kwano yake awo. Ba mu manta da Satumbar 2021 ba, lokacin da aka rufe kasuwannin mako aka kuma katse layukan waya a Zamfara, jarin mutane da dama ya karye.

Jarabar irin wannan lokaci ita ce naɗa zare: cin bashi don a yi ɗinkin Kirsimeti kamar na shekarun baya, zama a gidan hayar da ya fi ƙarfin aljihu, ɓoye wa matarka gaskiyar abin da ya rage a hannu. Da haka ne aure da mutunci da shaidar mai bi suke sulluɓewa.

Dubi Gidiyon. Ya tara mutum 32,000, Ubangiji ya rage su zuwa 10,000, ya sāke ragewa har suka koma 300, don kada Isra'ila ta yi fahariya da ƙarfinta. Da waɗannan 300 aka kori Madayanawa. Dubi kuma ɓataccen ɗan nan, wanda ya dawo daga ƙasar yunwa a rame. Uban bai jira ya murmure ba, nan take ya sa aka sa masa zobe. Haka Ubanmu na sama yake karɓarka a yadda kake yau.

Yanka da wuta suna da zafi, gaskiya ne. Amma maƙeri ba ya yanke wurin ado ko hatimi, bayan zobe yake taɓawa. Abin da Ubangiji ya bari aka rage maka bai taɓa cetonka ba, bai kuma taɓa hatimin Ruhu Mai Tsarki da ke kanka ba. Halleluya!

Yau ku zauna da iyalinka, ku lissafa abin da ke hannu tsakani da Allah. Ka kwance zare ɗaya: bashin da za ka fasa ci, ko gaskiyar da za ka faɗa.

Addu'a: Ya Uba, ga rayuwata a hannunka. Ka auna ni, ka rage abin da zai sa in yi asarar baiwarka. Ka mayar da 'yan'uwanmu gonakinsu lafiya. Cikin sunan Yesu Almasihu. Amin.