Raƙumi a Cikin Akurki

Ɗana, na ga yadda kake leƙen motar nan ta taga tun ranar da aka sallamo ka daga asibiti. Tana can ƙarƙashin rumfa lulluɓe da tamfol, kai kuma kana nan da ƙafa miƙe bisa matashi, sanda jingine a gefe, kana ƙirga kwanaki. Ban ga laifinka ba. Duk wanda ya taɓa zama cikin ƙaramar motar tsere, irin mai ƙofa biyu da cikinta ke neman shafar kwalta, ya ji yadda take shan kwana kamar a jikinsa aka ɗinka ta, da wuya ya yarda a riƙa ɗaukarsa a gidan baya kamar tsohon hakimi. Amma gyara zama ka saurare ni. Allah ya yi ka dogo, an yi maka aiki a gwiwa, motar kuwa da aka zo auna ta ba kai aka tuna ba.

Mazda MX-5, wadda ta fito a 1989 ta kuma zama abar so ga masu sha'awar irin waɗannan motoci, tsayinta daga ƙasa zuwa rufi kusan santimita 123 ne. Corolla ɗin da ka raina ta fi ta da sama da santimita 20. Lotus Elise ta fi Mazda ma kwanciya, ga kuma wani faffaɗan dokin ƙofa da sai ka tsallake kafin ka faɗa ciki. To kai da kake neman santimita 190, ina za ka kai sauran jikin? Ninke shi za ka yi, kuma a gwiwa ake ninkin.

Ba a kanka aka fara ba. A tseren awa 24 na Le Mans a Faransa, shekarar 1967, kamfanin Ford ya sa wani Ba'amurke mai suna Dan Gurney a motarsa. Motocin dangin GT40 ne, kuma 40 ɗin nan tsayin motar ke nan da inci. Gurney ya haura santimita 190, in ya sa hular kwano kansa ba ya samun wuri. Sai injiniyoyi suka bubbugo rufin daidai saitin kansa, suka yi masa wani ƙullutu, wanda har gobe da sunansa ake kiran sa. Shi da A.J. Foyt suka cinye tseren. Ka lura fa, motar aka gyara, mutumin ba a taɓa shi ba. Kuma gwiwoyinsa biyu lafiyarsu lau, ga injiniyoyin Ford tsaye a kansa. Kai kana da gwiwa mai ɗinki, da mai walda a bakin titi.

Ko a asibitin Dala aka yi maka aikin, ko Alƙahira ko Indiya, ko jijiyar da ka tsinka a filin ƙwallo aka dasa, ko gaɓar gaba ɗaya aka sauya da ƙarfe da roba, masu gashin ƙashi da digiri suke auna gwiwa. Tafiya a shimfiɗaɗɗen wuri tana neman ka lanƙwasa ta wajen digiri 60 da 'yan kai. Tashi daga kujerar da aka saba, 90 ko ɗan fiye. Kujerar da ke can ƙasa kuwa sai ka wuce 100 sosai. Gwiwar ƙarfe, bayan watanni ana fama, yawanci tsakanin 110 da 120 take tsayawa, shi ya sa kake ganin dattawa da yawa da aka yi wa wannan aiki suna salla a kan kujera, domin zaman tahiya yana neman kusan 150. Idan har yau ba ka iya tashi daga kujerar falo ba tare da ka dafa ba, me ya sa kake zaton za ka miƙe daga wurin da bai fi kujerar tsakar gida tudu ba?

Na san amsar da za ka ba ni: ai jiya da dare na gwada, na shiga. Na yarda ka shiga. Raƙumi ma in aka matsa masa ya sa wuya a akurki. Abin da nake tambaya shi ne inda gwiwarka take bayan ka shiga. Dogon mutum ko ya tura kujera har ƙarshe, gwiwarsa tana ɗagowa ta tokare gefen sitiyari, cinyarsa ta buɗe. Gajere in zai bar totur ya koma birki, ƙafar gaba ɗaya yake ɗaukewa. Kai cinyarka a daure take ƙarƙashin sitiyari, don haka murɗa ƙafar kake yi daga gwiwa, murɗawa kuwa ita ce abin da gwiwar da ba ta gama haɗewa ba ta fi ƙi.

Yanzu ga lissafin da nake so ya hana ka barci. Motar da ke gudun kilomita 60 a awa tana cin kusan mita 17 a daƙiƙa guda. In ciwo ya sa ƙafarka ta yi jinkirin rabin daƙiƙa kawai, ka ƙara mita 8 kafin birki ya fara kamawa. Tsawon motarka biyu ke nan. A cikin mita takwas ɗin akwai ɗan makaranta da ya biyo ƙwallo, akwai mai Adaidaita Sahu da ya juyo ba sigina. Gwiwar taka ce, ka yi yadda ka so da ita, amma wancan yaron ba naka ba ne. Dalilin ke nan likitocin ƙashi kan ce wanda aka sauya wa gwiwar dama ya jira mako huɗu zuwa shida, wani fiye. Mai gwiwar hagu a motar otomatik kan samu izini da wuri. In taka mai kuloci ce, kuma kulocin irin waɗannan motoci sau da yawa tauri gare shi, ka tuna sau nawa za ka danna shi a cunkoso guda. Kuma muddin kana shan tramadol ko kodin don zogi, maganar tuƙi ba ta taso ba, ko da likita ne ya rubuta maka.

Ranar da likitanka ya ce bismilla, kada ka fara da titi. Zauna a motar inji a kashe, ka sa ƙaninka ya tsaya ya daka maka tsawa ba zato, ka bar totur ka take birki da iya ƙarfinka. Yi sau goma. In ko sau ɗaya ka ji kana tausaya wa ƙafar, rufe ƙofa ka koma ciki. Jiki magayi.

Sai batun gyara, kuma a nan na fi jin tsoronka, don na san ka da makanikai. Wani zai ce a yanke ƙafar kujera a sake waldawa can baya. Kada ka yarda. Notikan da ke riƙe da kujera su ne ke riƙe da kai ranar karo, kuma a motoci da yawa makullin bel a jikin kujerar yake. Wani zai ce a cire sitiyari a sa ƙarami. Wurin gwiwa zai samu, gaskiya ne, jakar iskar da ke ciki kuma ta tafi. Rage soson kujera dabara ce da dogaye masu MX-5 suka daɗe suna yi, tana sauke mutum santimita biyu ko uku, kuma ita ce mafi sauƙin illa, in dai babu jakar iska ko waya a cikin kujerar. Kwantar da majingina sosai don kai ya samu wuri kuwa, in aka yi karo sulalewa za ka yi ta ƙarƙashin bel, gwiwa ta fara gaisawa da dashbod. Ƙashin da ya karye a gindin ƙarfen da aka dasa, gyaransa ya fi aikin farko wuya da tsada. Bari aƙalla yatsu uku su shige tsakanin gwiwarka da dashbod. In ba su shiga ba bayan duk dabarar da ta halatta, motar ta ba ka amsa.

Shiga ma da ladabinta. Tura kujera baya, juya wa motar baya, zauna tukuna, sannan ka ɗauki ƙafa da hannu ka shigar. Leda a kan kujera tana sauƙaƙa juyawa, amma zare ta kafin ka tayar. In rufin mai buɗewa ne, buɗe shi ka shiga daga tsaye, ko da masu kallo za su yi dariya. Fita ta fi wuya. Tun 1972 da Najeriya ta koma bin hannun dama, sitiyarinmu a hagu yake, don haka ƙafar hagu ce ke fara taka ƙasa ta ɗauki nauyi, alhali naman cinya bayan aiki ya kan zube ya yi laushi. Fito da ƙafa biyu, dafa kujera, kada ka rataya a jikin ƙofa. Ni na taɓa ganin wani ƙato a ƙofar gidan biki, babbar riga ta sha guga, ya kasa fita daga motarsa sai da matasa biyu suka ciro shi kamar buhu. Shi ma don a gan shi ya zo da ita, an kuwa gan shi.

Doguwar tafiya ka ɗaga mata ƙafa. Makonnin farko bayan aiki jini yana saurin daskarewa a jijiyar ƙafa, zama a ƙudundune kuma yana taimaka masa. In ka ga sha-raɓa ya kumbura yana zafi, ko numfashi ya fara yi maka wuya, asibiti kai tsaye, ba a jira gari ya waye.

Wata ukun farko su ne kasuwar gwiwa. Wanda ya yi wasa da gashi a lokacin, gwiwar ta sandare, sai an sa shi barci an lanƙwasa ta da ƙarfi. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ɗauki hoton kujerar motar, auna tudunta daga ƙasa, ka kai wa mai yi maka gashi ka ce ga inda kake son komawa, zai gaya maka digiri nawa ya rage. Makullin kuwa miƙa wa ƙaninka. Ya riƙa tayar da ita duk Juma'a don kada batir ya mutu, ya duba iskar taya, ya mayar da tamfol. Ka kuma ja masa kunne kada ya wuce bakin get.