Fuskar Aro

Bismillahir Rahmanir Rahim. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, akwai wata manhaja mai suna VRChat da ta fito a Amurka a 2014. Mutum yakan ɗaura na'ura a idanunsa, sai ya tsinci kansa a wani ɗaki tare da mutanen wasu ƙasashe, kowa sanye da jikin aro. Galibin jikunan nan masu sha'awar abin ne ke sassaƙa su a kwamfuta da Blender da Unity, wasu har su kai su kasuwar Booth ta Japan su sayar. Da yawa zane ne kawai, amma akwai masu bin fuskar mutum na gaskiya har gashin gira da tabon kunci. Mai sanye da ita ya juya kai, ita ma ta juya.

Malaman Malikiyya sun daɗe da rarrabewa: cikakkiyar surar mai rai wadda ke da inuwa haramun ce, wadda ke shimfiɗe a takarda ko tufa kuwa hukuncinta bai kai can ba. Wannan sabuwar ta tsaya a tsakani. Ana iya zagaya ta a ga ƙeyarta, amma hannu ba ya kama komai, kuma da an kashe na'ura ta ɓace. Rarrabe wannan aikin masu fatawa ne.

Tambayar da ta fi kusa da ɗan ɗariƙa ita ce: fuskar wa aka ara, kuma wa ya ba da izini? Mala'ika Jibrilu ya kasance yana zuwa cikin surar sahabi Dihyatul Kalbi, amma da umarnin Ubangiji ne, kuma gaskiya yake kawowa. Muridai suna son hoton shehunsu, yana rataye a shaguna da zauruka. Hoto dai shiru yake yi. Surar da ake sawa kuwa tana tafiya, tana ɗaga hannu, kuma duk maganar da ta fita daga bakinta ta mai sanye da ita ce. Idan wata rana wani masoyi ya ƙera fuskar shehun da ya riga mu gidan gaskiya, zuciyar muridi za ta yi laushi tun kafin a buɗe baki, sai ta karɓi zancen wani yaro da ladabin da take karɓar na shehu. An jingina wa bawan Allah abin da bai faɗa ba ke nan, ko da ƙauna ce ta jawo. Mamaci kuma ba a iya neman yardarsa, balle yafiyarsa.

Shi ma mai sanyen akwai abin dubawa a kansa. An san masu shiga VRChat da daɗewa a gaban madubin da ke cikin ɗakunan, suna kallon jikin da suka ara. Imamu Gazali ya kamanta zuciya da madubi mai yin tsatsa, wanda zikiri da mujahada ke gogewa har bawa ya ga aibinsa. Madubin can kullum a goge yake, kuma duk daɗewar mutum a gabansa aikin wani masassaƙi yake kallo.