Alƙalamin kaka da lissafin kumandan

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Ƴan'uwa, a gidajenmu da yawa tarihin kaka bai wuce jimla uku ba: malami ne, ya yi karatu a gabas, ya rasu da carbi a hannu. Haka ake ba da labarin kakan mahaifina, mutumin wani ƙauye a ƙasar Damagaram. Amma in aka jera shekarunsa kusa da na ƙasar, sai wasu tambayoyi su taso.

An haife shi wajen 1899, shekarar da sojan Faransa suka ci Zinder, aka kashe Sarki Amadu Kuran Daga. Yana ɗan shekara goma sha huɗu aka shiga yunwar 1913 zuwa 1914, wadda ta watsa garuruwa. A nan ne aka ba da shi almajiranci, kuma ina zaton rage bakin ci yana cikin dalilan, ba neman ilimi kaɗai ba. Da ya dawo shi ne mai rubutu a ƙauyen, saboda haka shi maigari yake kira in kumandan ya aiko a tara haraji ko a ba da samari aikin tilas. Ba a soke wannan aiki ba sai 1946. Ke nan alƙalamin da ya rubuta wa yara allo, shi ya rubuta sunayen waɗanda aka kora gyaran hanya, wasunsu ba su dawo ba.

To, faɗin wannan giba ce? An hana mu zagin matattu, ban musa ba. Amma zagi daban, shaida daban. Jikokin waɗanda aka rubuta suna nan, tare muke zaman wazifa, kuma su ba su manta ba. In muka ɓoye, mun tsare mutuncin mutum ɗaya da shafe wahalar mutum ashirin.

Hukunci kuwa ba na ganin namu ne. Wanda bai taɓa ganin bulalar gardi ba ya yi hattara da cewa da shi ne da ya ƙi. Tsofaffi suna cewa yakan tsallake sunan ɗa tilo na gwauruwa. Ko da hakan ya tabbata, adadin da kumandan ya yanka sai ya cika, wato ɗan wata aka sa a gurbin.

Shi ya sa ranar sadakarsa ta bana na roƙi baffana a haɗa da waɗancan samarin cikin addu'a. Ya yi shiru ya jima, sannan ya fara kiran sunayen gidajensu, ya kai bakwai.