In Ka Shiga Birni, Wa Za Ka Nema?

Kaka ta wuce, an ɗaure gero an kai rumbu. Yanzu ne tashoshin mota na Ƙonni da Malbaza da Badagishiri suke cika da samari masu tafiya biɗa. Waɗansu Yamai za su, waɗansu Sakkwato ko Kano ko Ikko, waɗansu kuwa sai Abijan. In zafi ya shigo aka cire albasa a garakan Galmi, manyan motoci su ma za su kama hanyar Ankara ta ƙasar Gana, da masu kaya a bisa buhuna. Kowane matafiyi yana riƙe da suna guda a ransa. Yana cewa, "Wane ɗan garinmu yana can, wurinsa zan sauka."

Wannan ba laifi ba ne. Baƙo ko da ido makaho ne, dole ya nemi mai ja masa gora. Amma ya ɗan'uwa, ka lura da sunan da mukan zaɓa. Sunan wanda ya samu ne, wanda ya aiko da babur, ya yi wa tsohuwarsa ɗakin kwano. Akwai wani suna kuma da ba mu cika ambata ba. Wancan da kuka yi kiwo tare, kuka zauna benci ɗaya a lakwal, watakila ma rana ɗaya aka yi muku baftisma. Shekara uku ke nan, ko huɗu, ba wasiƙa ba saƙo. An kira lambarsa, ba ta shiga. Yana cikin birnin nan da za ka. Shi wa zai neme shi?

Cikin Littafi Mai Tsarki akwai wani mutum da ba a cika yin wa'azi a kansa ba. Sunansa Onisifaras, mutumin Afisa. Sau biyu kaɗai aka ambace shi, duka biyu cikin wasiƙa ta biyu da Bulus ya rubuta wa Timoti. Ka buɗe sura ta 1, aya 15 zuwa 18, ka karanta wa iyalinka da dare.

Bulus ya yi wajen shekara 3 a Afisa, Onisifaras kuwa yana cikin waɗanda suka yi hidima ƙwarai a garin. Sanayya ce ta tun dā. Daga baya aka kama Bulus aka kai shi Roma. A ɗaurinsa na fari samunsa ba wuya, gama shekara 2 ya yi a gidan haya, kowa ya zo a karɓe shi. Amma sa'ad da yake rubuta wasiƙar nan al'amari ya sāke. Yana cikin sarƙa kamar mai mugun laifi. Ran da aka fara kai shi gaban shari'a ba wanda ya tsaya masa. Mutanen ƙasar Asiya sun juya masa baya. Dimas ya tafi abinsa. Luka ne kaɗai ya rage. Har tsohon yana roƙo a kawo masa mayafin da ya bari a Taruwasa kafin sanyi ya shigo. Ka ji halin wanda ya kafa ikkilisiyai a ƙasashe da yawa!

Roma kuwa ba ƙaramin gari ba ne. Masana suna ƙiyasta mutanenta sun kai miliyan ɗaya. Gidaje ba lamba, rariya ta shiga rariya. A shekara ta 64 gobara ta tashi. Cikin unguwanni 14 na birnin, 4 kaɗai suka tsira. Sarki Nero ya ɗora wa masu bi laifin, aka karkashe su da azaba iri iri. Masana da yawa suna cewa a shekarun da suka biyo bayan gobarar ne aka rubuta wasiƙar nan. To, ka dubi baƙo daga Afisa, wanda ya ƙetare teku, tafiyar da ta fi nisan Ƙonni zuwa Ankara. Yana bin ƙofa ƙofa yana tambayar wani ɗan sarƙa, shugaban mutanen da sarki ke farauta. Duk wanda ya tambaya, zai dube shi sau biyu. Ambaton sunan Bulus kaɗai ya isa ya sa a riƙe shi.

Bai fasa ba. Ya yi ta cigiya har ya kai inda Bulus yake. Ba sau ɗaya ya je ba, ya yi ta komowa. Bai kuwa ji kunyar sarƙar ba. Kalmar da Bulus ya yi amfani da ita cikin Helenanci tana nufin sanyaya abin da ya yi zafi. Mu mutanen ƙasar rana ba sai an fassara mana ba. Wanda ya taho daga gona cikin watan Afrilu aka miƙo masa ruwan randa ya san abin da ake nufi.

Bulus ba shi da masauki da zai ba shi. Ba tuwo, ba hanyar samun aiki. Mu mukan nemi aboki a birni domin abin da yake da shi. Onisifaras ya nemi nasa domin abin da ya rasa.

Yanzu bari mu komo gida. Me ya sa ɗan'uwa yakan yi shiru a birni? Mu a ƙauye nan da nan mukan yanke hukunci, mu ce ya manta da mu, birni ya cinye shi. Wani lokaci haka ne. Amma sau da yawa kunya ce. Ya bar gida da alkawari a baki. An sayar da tunkiya aka yi masa kuɗin mota. Sai ciwo ya kwantar da shi, ko aka sace masa jari, ko aka kama shi saboda takarda, ko bashi ya hau kansa. In ya buga waya, tambayar fari ita ce, "Yaushe za ka aiko?" Sai ya gwammace ya yi shiru. Shekara ta zagayo, shirun ya yi nauyi, ya rasa ta inda zai fara. Irin wannan mutum ba zai neme ka ba, ko ya ji ka iso. Watakila ma ya hange ka a kasuwa ya kauce.

Saboda haka nema aiki ne, sai ka ware masa yini. Kafin ka tashi ka je wurin uwarsa ko matarsa, ka ji unguwar da ya ambata a saƙonsa na ƙarshe. In ka isa, ka tambayi masu albasa, gama kusan ko'ina aka sauke albasar Galmi akwai mutanen Adar da na Ƙonni, sun kuwa san juna. Ka tambayi sarkin zango, ka tambayi 'yan kamasho a tasha. Ran Lahadi ka je majami'ar da ake sujada da Hausa, ka ba fasto sunansa da sunan garinsu. Kada ka karaya in an ce ya tashi. Birni ba ya zama wuri ɗaya. A Ankara, a shekara ta 2021 hukuma ta tashi 'yan albasa daga Agbogbloshie ta kai su Adjen Kotoku, can bayan gari. Wanda ya je da tsohon kwatance ba zai tarar da kowa ba. Matambayi ba ya ɓata. In ta kama ka leƙa asibiti ko gidan kaso, ka leƙa. Ubangijinmu Yesu ya lissafa ziyarar majiyyaci da ta ɗan kurkuku cikin abin da aka yi masa shi kansa. Yana cikin Matiyu sura 25.

To, ka same shi. A nan ne da yawa sukan ɓata aikin da ƙafarsu ta yi. Kada ka shiga kana ƙidaya kayan ɗakinsa da ido. Kada ka fara da, "Haba abokina, haka ake yi?" Ya riga ya faɗa wa kansa wannan sau dubu. Abokan Ayuba uku sun yi tafiya mai nisa, suka zauna tare da shi a ƙasa kwana 7 ba magana. Nan sun kyauta. Da suka buɗe baki suna tonon laifinsa, sai ta'aziyya ta zama azaba, har Allah ya tsauta musu. Kai dai ka kwance tsarabarka, ɗan yaji, daddawa, gabu, ƙuli-ƙuli. Ƙanshin gida yakan buɗe bakin da wa'azi bai buɗe ba. Ka ba shi labari. Wance ta haihu, an gyara rufin majami'a, ɗanka ya fara zuwa lakwal, tsohuwa tana sa sunanka cikin addu'a kowace safiya. In ya kawo abinci ka ci, ko gari ne da ruwa. Amma ka buɗe ido, kada ka zama kaya a kan wanda bai iya ɗaukar kansa ba. In kwana ɗaya ya isa, kada ka yi bakwai.

In kuwa ka tarar ya bar hanyar Ubangiji, giya ko mata ko caca sun kama shi, ba a ce ka rufe baki ba. Aboki ne kai, ba ɗan kallo ba. Sai dai ka bari ya gama faɗin nasa tukuna. Sa'an nan ka yi masa magana tsakaninku biyu, ku durƙusa tare, ka kuma haɗa shi da masu bi na garin kafin ka tafi, gama kai baƙo ne, gobe ba ka nan.

Sa'ad da ka komo, mutane za su taru su ji labari. Ka yi hankali. Abin da ka gani ba na dandali ba ne, ba kuwa na bakin rijiya ba. Kada kuma ka yi wa matarsa ƙarya don ka faranta mata rai. Ka shirya da shi tun can abin da za ka faɗa, ka kai wa iyalinsa a asirce, da dattijon ikkilisiya guda in akwai bukata.

Saura magana ɗaya, taku ce ku mata da iyaye da kuke gida. Da Bulus ya tashi sa albarka, mutanen gidan Onisifaras ya fara roƙa wa jinƙai. A ƙarshen wasiƙar ma, sura 4 aya 19, ya sāke gaishe su. Ba su taka Roma ba, amma su ne suka zauna a Afisa suna jira. In maigida ko ɗanku ya ce zai ƙara kwana biyu a birni domin ya nemi wane, kuɗin kwana biyun daga tukunyarku zai fita. Kada ku hana shi. Ku daka yajin, ku ƙulla a tsumma, ku aika yaro gidan su wane ya tambayo ko suna da saƙo.