"Lahiya Lau": Gaisuwa ce ko Ƙarya?

Ƴan'uwana ɗalibai, ga wata tambaya da nake so mu tauna tare. Mutumin da ya ce "lahiya lau" alhali babu lahiyar, ya yi ƙarya ko bai yi ba? Tambayar ta fi nauyi a bazara, daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, Gulbin Maraɗi ya koma rairayi, rumbu ya kusa ƙasa, tiyar hatsi tana hawa kasuwa bayan kasuwa. A lokacin ne mu da karatu ya kai Yamai ko Damagaram muka fi kasa kunne ga labarin gida.

Ni ɗan majami'a ne daga Maraɗi, kuma labarin gidanmu ran Lahadi yake zuwa, bayan an taso daga sujada. Inna takan turo saƙon murya ta WhatsApp, tsarinsa ba ya sakewa. "Muna lahiya lau, kowa lahiya. Zahi kam lokacinshi ne." Sai jerin labari: kuran yana ɗaukewa, duk gida waje ake kwana, pampo ba ya kawo ruwa sai tsakar dare, an matso da sujada sassafe don kwanon majami'a ya zama tanda, zumuntar mata ta yi azumi da addu'ar roƙon ruwa, maƙwabtanmu Musulmi su ma sun fita sallar roƙon ruwa. Can ƙarshe, da murya ƙasa-ƙasa: "Sai dai babanka ya ɗan taɓa zazzaɓi, amma da sauƙi."

A ilimin harshe an koya mana cewa ba kowace magana ce rahoto ba. Tun 1923 Bronislaw Malinowski ya nuna akwai zancen da aikinsa ƙulla zumunci ne kawai. "Ina gajiya?" "Ba gajiya." Wanda ya yini yana turin kura ma haka zai amsa, kuma ba wanda ya ruɗu. Agustin, bishop na Hippo a ƙasar Aljeriya ta yau, wanda ya rubuta littattafai biyu a kan ƙarya, a zuciyar mai magana yake neman ta, wato ka riƙe abu guda a ciki ka furta wani. A gaisuwa kuwa mai tambaya da mai amsa duk sun san ƙofa ce ake buɗewa, ba a shiga ɗaki ba tukuna. Don haka ban ga ƙarya a "lahiya lau" ba. Ga mai bi ma godiya ce: na kwana na tashi, sauran na Allah ne.

Inda wuyar take shi ne abin da ke biyo bayan gaisuwa. Ku lura da ƙananan kalmomin nan: "sai dai", "ɗan", "da sauƙi". Bahaushe yakan ce "da sauƙi" ko da majinyaci ba ya iya ɗaga kai. Kalmar "ɗan" tana iya ɗaukar ciwon kai na yini guda, tana kuma iya ɗaukar kwana biyar a gadon likita. Iyayenmu suna yin haka ne don rufin asiri da tausayi. Sun san jarrabawa ta matso, sun san kuɗin mota daga Yamai zuwa Maraɗi, tafiyar sama da kilomita 600, ba a aljihunmu yake ba. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, haka ne. Wannan hali abin girmamawa ne, ba ni da bakin kushe shi.

Amma yana da iyaka. Bazara lokacin sanƙarau ne, mun kuma ji yadda ya yi ɓarna a Yamai a 2015. Ciwo ne da ba ya jiran gobe. Idan yaro ya kwana da zazzaɓi da sandarewar wuya, aka ce wa yayansa da ke iya turo jika biyar "da sauƙi", an hana shi yin abin da zai iya yi, an kuma bar shi da nadamar da zai daɗe yana ɗauke da ita. A ganina ma'aunin ke nan: in kai kaɗai za ka ɗauki nauyin shirunka, haƙuri ne, in shirun zai faɗa kan wani, ko ya hana mai iya taimako taimakawa, ya tashi daga haƙuri. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

A majami'a ma haka abin yake. Lokacin sanarwa da roƙon addu'a shi ne jaridar ikilisiya: wance ta haihu, wane ya tafi cin rani Najeriya, an kai wani dattijo asibitin Galmi, wanda ke aiki tun 1950. Zumuntar mata takan tara hatsi tiya-tiya don gwauraye da marayu. To amma hatsin yana zuwa ne gidan da aka san halinsa. Gidan da ya dage kan "sai godiya" yana iya kwana ba a ɗora tukunya ba, alhali maƙwabcin benci yana da abin bayarwa. Kuma ban ɗora laifin duka kan mai shiru ba. Sau nawa "mu sa wane cikin addu'a" ta zama gulma kafin a kai bakin ƙofa? Jama'ar da ba ta iya riƙe asiri ita ce ke koya wa mutane ɓoyo.

Shi ya sa nake ganin rabin nauyin yana wuyan mai saurare. Amsar farko haƙƙin mai magana ce, a bar masa mutuncinsa. Tambaya ta biyu kuwa aikinmu ce. Mu da aka tura karatu, kada mu karɓi "lahiya lau" mu kashe waya don ta sauwaƙe mana. Mu tambaya a fili: Baba ya ci abinci yau? An je likita? Me suka ce? Hatsin zai kai shuka? Mu nemi a miƙa wa mara lafiyar waya mu ji muryarsa da kunnenmu. In kuma aka buɗe mana ciki, mu riƙe amana, mu yi abin da za mu iya, ko ɗan kaɗan ne.

Allah ya kai mu damina lafiya, ya ba mu ruwa mai albarka.