Tafintan Kurame A Waya: Ya Halatta A Rage Magana Saboda Tausayi?



A wannan fitowa ina so mu tattauna wata mas'ala da ta shafi kurame da wayar hannu, wadda idan muka bi ta a hankali za mu ga ashe har cikin ɗakunanmu ta shigo. Tambayar ita ce: an sa ki tsakanin mutum biyu ki isar da magana, ɗaya ba ya ji, ɗayan kuma bai iya maganar hannu ba. Sai aka faɗi magana mai zafi. Ya halatta ki sassauta ta, ko ki haɗiye wani sashe, saboda tausayi? Na san da yawanmu za mu ce ai wannan shi ne hankali. To, bari mu fara duba yadda abin yake aiki tukuna.

Yadda waya ta iso ga kurame

Alexander Graham Bell, wanda aka ba shaidar ƙirƙiro tarho a 1876, malamin kurame ne, matarsa ma kurma ce. Amma abin da ya ƙera ya yi kusan shekara 90 bai amfani kurma da komai ba, don kuwa waya sai mai kunne. Sai a 1964 wani masanin kimiyya kurma a Amurka, Robert Weitbrecht, ya haɗa wata na'ura da ta sa aka iya tura rubutun tafireta ta layin tarho. An samu ci gaba, sai dai rubutu yana da nawa, kuma harshen da ake rubutawa ba shi ne harshen farko na kurame da yawa ba. Harshensu a hannu yake da fuska.

Da aka fara wayoyin hannu masu kiran bidiyo, wanda Japan ta buɗe hanyarsa, sai lamari ya sauya. Yanzu kuma, tun da WhatsApp ya kawo kiran bidiyo a 2016, kurma a Kano zai jingina wayarsa da bango ya yi hira da abokinsa kurma a Zinder, hannu da hannu, ba mai shiga tsakani. A nan kam gani ya kori ji.

Saura matsala ɗaya. Idan kurma tana son kiran likita, ko makarantar 'ya'yanta, ko banki fa? Wanda zai ɗauka bai san maganar hannu ba. Don haka wasu ƙasashe suka kafa aikin tafintan waya. Kurma za ta kira ta bidiyo, sai tafinta ya bayyana a fuskar wayarta. Shi kuma zai buga wa likitan ta layin murya. Abin da ta faɗa da hannu ya mayar da shi murya, abin da likita ya faɗa ya mayar mata da hannu, nan take. Ƙasar Suwidin ta fara wannan aiki da kuɗin gwamnati a 1997. A Amurka ya game ƙasa a 2002, dare da rana ake yinsa, kuma kurma ba ta biyan kuɗin tafinta, daga wani asusu da kamfanonin waya ke zuba kuɗi ake biya. A Birtaniya kuwa, tun watan Yuni na 2022 kurma na iya kiran lambar gaggawa ta 999 ta wannan hanya, ta nemi motar asibiti ko 'yan kwana-kwana da harshenta.

Amanar da ba ta da shaida

Ki lura da matsayin wannan tafinta, 'yar'uwa. Likita ba ya ganin hannun matar, matar ba ta jin muryar likita. Mutum ɗaya ne tak ya san abin da kowane ɓangare ya faɗa. Idan ya rage, ba wanda zai sani. Idan ya ƙara, ba wanda zai sani. Wanda aka ba ajiyar kuɗi ana iya ƙirgawa ranar karɓa, amma wa zai ƙirga magana?

Duniya ta ga misalin wannan a watan Disamba na 2013, wajen taron juyayin Nelson Mandela a Afirka ta Kudu. Wani mutum ya tsaya kusa da shugabannin ƙasashe yana ta motsa hannu a matsayin tafinta, masu ji suna kallo suna zaton aiki yake yi. Kurame ne suka tashi suka ce abin da yake yi ba shi da ma'ana. A gaban kyamarorin duniya ke nan aka yi haka, to ina ga kiran da ake yi daga ƙuryar ɗaki?

Saboda haka dokar sadarwa ta Amurka ta ɗaure tafintan waya da sharuɗɗa. Ba zai faɗa wa kowa abin da ya ji ba. Ba zai ajiye rubutu ko hoton hirar ba bayan an kashe waya. Ba zai sauya magana da gangan ba, kuma ba zai taƙaita ba sai in mai kiran ce ta nemi a taƙaita mata. Har ila yau, mai kira na iya neman a ba ta tafinta mace, kuma an ɗora wa kamfanin ya yi iya ƙoƙarinsa ya samo mata. Wannan abu ne mai muhimmanci, domin a maganar hannu fuska ma magana take yi, ɗaga gira ko tsuke baki na iya mayar da zance tambaya ko musu. Dole tafinta ya ga fuskarta. Matar da za ta yi bayanin ciwon mara kuwa, ta san wanda za ta iya kallo ta faɗa.

To ina laifin tausayi?

Mu ɗauka likita ya ce sakamakon gwaji bai yi kyau ba, ko miji ya kira cikin fushi ya faɗi baƙar magana. Tafinta ta ga matar nan abar tausayi ce, sai ta ce mata, likita ya ce ki dai riƙa shan magani, ko kuma maigida ya ce sai ya dawo. Niyyarta mai kyau ce, ba shakka. Amma ni a ganina ta yi ɓarna ta fuska uku.

Ta farko, ta ɗauki abin da ba nata ba. Maganar da aka aiko wa mutum tasa ce, kamar yadda saƙon da aka ba ki ki kai wa maƙwabciya nata ne. Idan aka ba ki ƙullin kaya ki kai, ba za ki kwance a hanya ki cire abin da kike ganin ba zai yi mata daɗi ba.

Ta biyu, ta yanke wa matar hukunci cewa ba za ta iya ɗaukar gaskiya ba. Me ya sa? Mu masu ji ana faɗa mana labarin ciwo, da na rasuwa, da na saki, mu yi kuka mu share hawaye mu nemi mafita. Rashin ji a kunne yake, bai taɓa hankali ba. Kurma uwa ce, matar aure ce, wata 'yar kasuwa ce, kuma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Wataƙila da ta ji ainihin abin da likita ya faɗa da ta sayar da akuyarta ta tafi babban asibiti da wuri. An tausaya mata na minti biyar, an jawo mata asarar wata shida.

Ta uku, ta kashe yarda. Ranar da kurma ta gano an taɓa ɓoye mata, daga nan ko gaskiya aka isar mata sai ta yi kokwanto. Mai ji idan ya yi zargin ɗan aike sai ya kira da kansa ya tabbatar. Ita kuwa ƙofarta ke nan guda ɗaya.

Wannan damuwa ba sabuwa ba ce. Ya zo a hadisi cewa Manzon Allah (SAW) ya umarci Zaidu bin Sabit ya koyi rubutun Yahudawa, domin ya zama wanda aka amince da shi ne ke karanta masa wasiƙunsu yana rubuta amsa, kuma Zaidu ya koya cikin kimanin rabin wata. Ashe tun can an san cewa wanda ke tsakiyar magana, in ba amintacce ba ne, yana iya ɓata komai.

Wata za ta ce, ai malama an yarda a gyara zance don sulhunta mutane. Haka ne. Amma mai sulhu da tafinta ba aikinsu ɗaya ba. Mai sulhu kowa ya san da bakinsa yake magana, kuma masu rigimar za su iya haɗuwa gobe su ji daga juna. Tafinta kuwa an ɗauke shi a matsayin bakin wancan da kunnen wannan. Idan ya sa tasa a ciki ya ce ta wancan ce, ya yi wa mutum biyu ƙarya a lokaci guda.

Inda abin ya fi wuya

Akwai wurin da ya fi wannan tsauri. Tafinta ta fahimci mai magana a ɗaya gefen ɗan damfara ne, yana lallaɓar matar ta turo kuɗi. Ta ci gaba da fassara, ko ta katse? Idan ta yi shiru kamar ta taya shi, idan ta sa baki kuma ta zama mai gadi a kan wayar baligar mace. In aka buɗe wannan ƙofa, gobe wani tafinta zai ce cinikin nan bai kwanta masa ba, jibi wani ya ce wannan manemin bai dace da ita ba.

Abin da na ga ya fi kusa da adalci shi ne tafinta ta isar da komai, har da abin da kunne ke tsinta bayan kalmomi. Mu masu ji da me muke gane maƙaryaci a waya? Da rawar murya, da gaggawar da yake sa mu, da raɗar da muke jiyowa a bayansa. Idan tafinta ta nuna wa kurma duk wannan a fuskarta da hannunta, ta ba ta abin da za ta auna da kanta. Inda kuwa rai ke cikin haɗari, ceton rai shi ne gaba da komai, wannan ba ya buƙatar dogon bayani.

Mu ne tafintocin gida

Kada mu ce wannan zancen Turai ne. A yawancin gidajenmu da ke da kurma, aikin da ofishi ke yi a can mu muke yinsa: uwa, yaya, kishiya, matar wa, ko 'yar gida. Waya ta yi ƙara, a miƙo mana, a yi minti goma ana magana, kurma tana tsaye tana kallon bakinmu. In an gama ta tambaya da hannu, me aka ce? Sai mu ce, yana gaishe ki. Minti goma ya koma kalma uku. A asibiti ma haka, likita ya yi ta bayani da 'yar rakiya, mai ciwon tana zaune kamar kayan da aka kawo gyara. Alhali dokar hana nuna wa masu buƙata ta musamman wariya, wadda aka sa wa hannu a Nijeriya a watan Janairu na 2019, ta ɗora wa asibitin gwamnati ya tanadi hanyar sadarwa ga irin waɗannan majinyata.

Sai kuma sirri. Tafintan Amurka doka ta rufe masa baki. Mu kuwa, abin da muka fassara da safe, da yamma ya kai gidan biki. Kowace mace tana da maganar da ba ta so dangi su ji, tsakaninta da mijinta ko likitarta. Kurma dole ce ta sa ta buɗe mana, ba don ta zaɓe mu ba. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba.

Abin da ya fi ban tausayi shi ne a sa yaro. 'Yar shekara goma a tsayar da ita a wajen awo tana fassara wa mahaifiyarta abin da bai kamata ta ji ba, ko ta zama ita ce mai isar da faɗan uba ga uwa. An ɗora mata kayan da ya fi ƙarfinta, uwar kuma kunya ta hana ta tambayar rabin abin da take son sani.

Don haka ga abin da nake ba mu shawara. Idan aka sa ki fassara, ki isar da duka, ko da zai ɗauki lokaci, ki ce wa mai maganar ya dakata kina faɗa mata. Idan kina da shawara ki bayar, amma ki raba: wannan ita ce maganarsa, ga kuma tawa. Idan ba ki gane wani abu ba ki ce ba ki gane ba, kada ki cike da ƙiyasi. In maganar mai nauyi ce, ki zaɓi zama da natsuwar da za ki faɗa, ki riƙe hannunta, ki zauna da ita bayan an kashe waya. Tausayinki ya tafi nan, kada ya taɓa saƙon. In za ta yi kiran bidiyo ki ba ta wuri mai haske, ki kuma kau da ido, don kallon hannunta daidai yake da laɓe a bayan ƙofa.

Wadda kuma Allah ya haɗa da kurma a gida ɗaya, ta daure ta koyi maganar hannu sosai, ta wuce zo ci da je ki ɗebo ruwa. Kuramen ƙasar Hausa suna da maganar hannunsu ta gado, ga kuma wadda ake koyarwa a makarantu irin ta Tudun Maliki a Kano, mai tushe daga ta Amurka. Ki koyi wadda 'yar'uwarki ke yi, daga hannunta. Ranar da take garinsu kike naki, ki kira ta ta bidiyo ku gaisa ba ɗan tsakani, don waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi.

Allah ya ba mu ikon riƙe amana, ya sa mu dace, amin. Wassalamu alaikum.